Baƙuwa a Bakin Ƙofa: Amanar Wa ke Hannun Masu Taimakon Iyaye?

A zamanin da ake zaman babban gida, macen da ta haihu ba ta rasa mai koya mata reno. Ungozoma ke yanke cibi, uwar miji ko kaka ke dafa ruwan wankan jego har kwana 40, gwaggo kuwa ita ke nuna yadda ake goyo da yadda ake bambanta kukan yunwa da kukan ciwon ciki. Babu wadda ake kira ma'aikaciya a cikinsu, babu kuma wadda ke neman izini kafin ta ɗaga labulen ɗaki, gama jini ya riga ya ba ta izinin. Yau ma'aurata da yawa suna zaune a ɗaki ɗaya na haya a Mararaba ko Bukuru ko Sabon Tasha ko Legas, uwa tana can ƙauye, tafiyar yini guda. Waɗansu kuma tashin hankali ya koro su daga garuruwansu, dangi sun watse. Cikin wannan giɓi ne wata sabuwar ma'aikaciya ta shigo, wadda ƙungiya ke aikowa domin ta taimaki iyaye su reni 'ya'yansu.

Masu wannan aiki iri-iri ne, yawancinsu kuwa mata. Akwai 'yan sa-kai da ba a ba su kome sai kuɗin mota, akwai ma'aikatan jinya, akwai jami'an jin daɗin jama'a, akwai masu amsa waya da dare sa'ad da uwa ta rasa yadda za ta yi da jaririn da ya ƙi barci. A cikin ikkilisiyoyi akwai matan zumunta da ke zaga gidajen masu jego da gwauraye, waɗanda suka daɗe suna aikin tun ba a raɗa masa suna ba. Kowace cikinsu takan tsaya a bakin ƙofar da ba tata ba, ta sa baki cikin maganar da ta fi kowace taɓa zuciyar ɗan adam, watau yadda mutum yake riƙon ɗansa. Ana iya gaya wa mutum gonarsa ta yi ciyawa, ya yi dariya. A gaya masa bai iya reno ba, a ga abin da zai biyo baya.

Aikin ya girmi ƙungiyoyin zamani masu ofis da mota. A shekara ta 1876, a ƙauyen Old Alresford da ke kudancin Ingila, Mary Sumner, matar limamin ikkilisiyar Angilikan na wurin, ta ga 'yarta ta yi haihuwar fari, sai ta tuna irin tsoron da ya kama ta ita kanta sa'ad da nauyin reno ya fara hawa kanta. Ta gayyaci matan ƙauyen, masu hali da marasa hali, su taru a gidanta su yi magana a kan tarbiyyar yara. Ranar taron farko faɗuwar gaba ta hana ta magana, har mijinta ya tsaya a madadinta. Bayan mako guda ta sake kiransu, ta yi jawabin da kanta. Daga nan Ƙungiyar Iyaye Mata ta Angilikan ta tsiro, wadda take da mambobi wajen miliyan 4 a ƙasashe fiye da 80, har da Nijeriya. Kusan shekara 100 bayan haka, a 1973, Margaret Harrison ta kafa Home-Start a birnin Lesta, bisa fahimtar cewa iyayen da reno ya yi wa nauyi sukan fi buɗe ciki ga wata uwa irinsu fiye da jami'in hukuma. Ƙungiyar takan horar da 'yan sa-kai, yawancinsu iyaye, ta haɗa kowane da gida guda mai yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ya riƙa zuwa sau ɗaya a mako na kamar awa 2. Wani zuwan riƙe jariri ne kawai domin uwa ta samu ta yi wanka ta runtsa.

To, amanar wa ke hannun irin wannan baƙuwa? Uwar gida ce ta buɗe mata ƙofa, ita ta shimfiɗa mata tabarma, ita ce kuma ke faɗa mata abin da ko mijinta bai ji ba. Amma akwai wani a ɗakin wanda bai gayyace ta ba, ba ya kuma iya sallamarta, watau yaron da saboda shi aka zo. Muddin abin da ya amfani uwa shi ne ya amfani ɗa, babu wata tambaya, yawancin lokaci kuwa haka abin yake. Tambayar takan taso ranar da hanyoyin biyu suka rabu. Akwai karin magana biyu da suke jan wannan ma'aikaciya, ɗaya gabas ɗaya yamma. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An kuma ce ɗa na kowa ne. Dukansu gaskiya ne, wahalar aikin kuwa ita ce sanin ranar da za a bi wannan da ranar da za a bi waccan.

A fara da ta farin, gama ita ke aiki a yawancin ranaku. A 1986 da 1987, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 a unguwannin matalauta na Kingston, babban birnin Jamaika, masu wata 9 zuwa wata 24, dukansu sun tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki. Aka raba su kashi-kashi. Waɗansu aka riƙa ba su madara kowane mako. Waɗansu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta riƙa ziyartarsu awa 1 a mako har shekara 2, tana zuwa da littattafan hotuna da kayan wasa na haɗin gida, irin waɗanda ake yi da gorar roba da aka yar. Abin da aka horar da ita ta yi shi ne ta nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, yadda za ta riƙa yi masa hira tana kiran sunayen abubuwa, ta kuma yaba wa uwa da ɗa duk lokacin da suka yi daidai. Sai ta bar kayan wasan a gidan har mako na gaba. Bayan shekara 20 aka bi sawun yaran. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa wannan ziyara ta wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a yi wa ba da kimanin kashi 25 cikin 100. Amfanin madarar kuwa bai kai wannan nisa ba.

Mako yana da awa 168, baƙuwar kuwa 1 take yi. Sauran 167 suna hannun mutanen gida. Da ma'aikatan nan sun karɓe yaron suna nuna gwanintarsu yayin da uwa ke kallo daga gefe, da abin ya ƙare ranar da shirin ya ƙare. Abin da ya daɗe shi ne abin da suka bari a hannun uwa. Saboda haka ma'aikaciyar da ta san aikinta takan tambaya kafin ta gyara, takan nemi abin da uwa ta riga ta iya ta ɗora a kai, tana kuma shirin ranar da ba za a ƙara bukatarta ba. Uba ma yana cikin masu awa 167 ɗin, ko da yake shirye-shirye da yawa sukan manta da shi. Baƙuwar da ba ta zuwa sai maigida ya fita, ba ta kuma taɓa durƙusawa ta gaishe shi ta faɗa masa abin da ke kawo ta ba, tana dasa zargi a gidan da ta zo gyarawa, matar ce kuwa za ta kwana da zargin.

Jarabar da ta fi kama mai ilimi ita ce ya ga talauci ya kira shi sakaci, ya ga al'adar da bai sani ba ya kira ta jahilci. Tarihi ya nuna inda wannan hanya take kaiwa. A Ostareliya, daga wajen 1910 zuwa wajen 1970, hukumomi sun riƙa ƙwace 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga hannun iyayensu suna kai su gidajen renon gwamnati da na mishan. Da yawa cikin masu aikin sun gaskata alheri suke yi. Sai a 1997 wani bincike na ƙasa ya tona girman ɓarnar, a ranar 13 ga Fabrairu 2008 kuma Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. Ba kowace ma'aikaciya ke da ikon ƙwace ɗa ba, amma ƙananan 'yan'uwan wannan laifi suna ko'ina. Akwai mai yatsina fuska da ta shiga ɗaki. Akwai mai gyara wa uwa kuskure a gaban uwar miji ko a gaban yaron kansa. Akwai mai ɗaukar hoton yaro da dauɗa a jiki domin rahoton masu ba da tallafi, ba tare da ta tambayi kowa ba. Akwai kuma wadda za ta ji sirrin gida ranar Talata, ranar Alhamis ta miƙe a taron zumunta ta kawo shi a matsayin batun addu'a, da bayanin da ya isa kowa ya gane gidan. Sunan da aka laƙaba wa abin bai hana shi zama tsegumi ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai a ce ma'aikaciya ta zama aminiyar uwa, ta rufe bakinta, shi ke nan. Labarin Victoria Climbié ya hana a tsaya a nan.

An haifi Victoria a 1991 a Abobo, kusa da Abidjan a ƙasar Kodebuwa. A 1998 iyayenta suka ba da ita riƙo ga gwaggon mahaifinta da ke zaune a Turai, da begen ta samu ilimi. Matar ta kai ta Faransa, daga nan zuwa Landan a 1999. A ranar 25 ga Fabrairu 2000 yarinyar ta mutu tana da shekara 8, likitan da ya duba gawarta ya ƙirga rauni 128 a jikinta. A 2001 kotu ta samu gwaggon da saurayinta da laifin kisa. Abin da ya girgiza Ingila shi ne yarinyar ba a ɓoye take ba. Ofisoshin jin daɗin jama'a 4 sun san da ita, asibitoci 2 sun kwantar da ita, 'yan sanda sun san da ita. Binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda aka buga a 2003, ya gano aƙalla dama 12 da aka samu na ceton ta aka bari suka wuce. An rufe fayil ɗinta a ofis a ranar da ta mutu.

Mutanen da suka gan ta ba mugaye ba ne, uzurin da suka ba kansu kuwa sananne ne a wannan ƙasa. Da aka lura yarinyar takan miƙe ƙyam cikin tsoro idan gwaggon ta shigo, sai aka ɗauka ladabin 'ya'yan Afirka ne. Da aka kai ta majami'u, aka ce aljanu ne ke damun ta, aka yi mata addu'a, sai a kwanakinta na ƙarshe ne wani fasto ya ce a kai ta asibiti. Kusan kowa da babbar ya yi magana, ya kuma karɓi bayaninta. Yarinyar Faransanci take ji, amma ba a zauna da ita ita kaɗai aka ji ta bakinta yadda ya kamata ba. Ladabi ga babba da gudun shiga sharo ba shanu, waɗanda kyawawan halaye ne a wurinsu, su suka rufe wa mutane ido.

Riƙo tsohuwar al'ada ce mai kyau, yara da yawa ta wurinta suka yi karatu suka zama mutane. Amma 'yar riƙo da 'yar aiki da maraya su ne suka fi rasa mai tambayar lafiyarsu, gama baƙuwa takan zo ne saboda jaririn da ke goye, ba ta lura da yarinyar da ta kawo mata ruwa ba. Binciken da Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Nijeriya ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yara 6 cikin 10 sukan fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, waɗanda suka samu taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa amfanin yaro gaba da kome a duk shawarar da ta shafe shi, ko da yake waɗansu jihohi sai bayan shekara 20 suka kafa irin tasu. A Akwa Ibom har sai da dokar jihar ta 2008 ta haramta zargin yaro da maita, saboda yawan yaran da aka azabtar aka kora da wannan suna.

Akwai hujja mai nauyi a ɗaya gefen, bai kuma kamata a raina ta ba. Idan labari ya bazu a unguwa cewa matar ƙungiya takan kai ƙara, ƙofofi za su rufe. Uwar da ke bukatar taimako za ta yi shiru, yara 50 su rasa ziyara saboda ɗaya. Wani lokaci ma ofishin da za a kai maganar ba shi da mota, ba shi da inda zai ajiye yaro, sai a tada ƙura a tafi a bar yaron a hannun wanda aka fusata. Ma'aikaciyar da ta yi jinkiri saboda wannan ba lalle matsoraciya ba ce.

Amma hujjar tana da ƙarfi ne kawai idan an yi wa uwa alkawarin da ba shi da iyaka, sa'an nan aka karya shi. Maganin yana a ranar farko, kafin a faɗi wani sirri. Ƙungiyoyin da suka daɗe a aikin sukan rubuta wannan iyaka cikin ƙa'idodinsu, su kuma bukaci a bayyana wa iyali ita tun daga farko. Dattijuwa tana iya faɗin ta da harshen gida: "'Yata, abin da kika faɗa mini a ɗakin nan zai tsaya a cikina. Abu ɗaya ne ba zan riƙe ba. In na ga ran yaro ko naki yana cikin haɗari, zan nemi taimako, ke kuma zan fara faɗa wa, sai dai in faɗa miki zai ƙara jefa yaron cikin haɗari." Uwar da ta ce, "To, Mama, na ji," ta san da wa take zaune. Idan ranar ta zo, ba a ci amanarta ba, gama ba a taɓa yi mata alkawarin rufe ido a kan ɗanta ba. Yawancin iyaye ma, idan hankalinsu yana kwance, wannan sharaɗi suke so, domin babu uwar kirki da za ta zaɓi aminiyar da za ta ga ɗanta yana hallaka ta yi shiru.

Sai dai a san abin da ke ƙetare iyakar. Ƙazantar ɗaki ba ta ƙetare ta ba, haka tsawa, haka tuwo ba nama. Uwar da ta fashe da kuka ta ce daren jiya ta ji kamar ta jefar da jaririn, tana neman hannu ne, ita ce kuma ta fi bukatar a matso kusa da ita, a raka ta asibiti, a samo mai taya ta kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 takan yi fama da ciwon damuwa ko makamancinsa bayan haihuwa, ciwon kuwa yana da magani. Abin da ke ƙetare iyaka dabam ne: ƙuna da aka yi da gangan, barkono a ido ko a gaba, ɗaure yaro, hana shi abinci kwana da kwanaki, babba yana lalata da yarinya ko yaro, raunin da bayaninsa ke canzawa kowane zuwa. Horo yana da manufar gyara, yana kuma da iyaka. Waɗannan azaba ce, ko da wane suna aka kira su.

Bai kamata mace ɗaya ta yanke wannan hukunci ita kaɗai a kan hanyarta ta komawa gida ba. Jami'ar da ke kula da fayil ɗin Victoria ba ta daɗe da fara aiki ba, tana riƙe da fayil 19, binciken kuma ya nuna ba ta samu kulawar shugabanni yadda ya kamata ba. Ƙungiyar da ta aiki mutum cikin gidajen mutane tana da bashin horar da shi, da zama da shi a kai a kai a ji abin da ya gani, da ƙayyade yawan gidajen da zai iya ɗauka. Horon ba ado ba ne. A Denver ta Amurka, daga 1994, David Olds ya gwada ziyarar nas-nas da ta mataimakan da ba su da horon jinya, sakamakon nas-nas ya fi ƙarfi. Batun biya ma yana nan. Ƙungiyar mothers2mothers, wadda aka fara a Cape Town a 2001, takan ɗauki iyaye mata masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau su jagoranci masu juna biyu irinsu, tana kuma biyan su albashi a matsayin ma'aikata. Sa-kai abu ne mai daraja, amma gwauruwar da ke cire kuɗin acaɓa daga kuɗin cefanenta domin ta ziyarci gidan wasu, 'ya'yanta ne suke biyan kuɗin hidimar.

Shari'ar da ta fi wuya ita ce wadda mai laifin sananne ne. A ƙaramin gari, maigidan da ake zargi yana iya zama dattijon ikkilisiya, ko mai ba ƙungiyar gudummawa mafi tsoka, ko wanda ya samar wa mijin ma'aikaciyar aiki. Ranar Lahadi benci ɗaya za ta zauna da matarsa. Idan wanda za ta kai wa rahoto shi ma yakan ci abinci a gidan dattijon, maganar za ta mutu da sunan rufin asiri, yarinyar kuma ta ci gaba da kawo ruwa. A irin wannan wuri ya kamata ƙungiya ta naɗa mai karɓar rahoto daga wata gunduma, ta kuma ba kowace ma'aikaciya sunansa da lambar wayarsa, tare da ta ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, tun kafin a aike ta gida na farko.